Tumatir ya san an tsare masa rana

Jiya na leƙa lambun Baffa a Dadin Kowa. Tumatirin da ke gefen bishiyar mangwaro ya miƙe dogo siriri, fure ɗai-ɗai, na fili kuwa gajere kakkaura. Baffa ya ce, "Ɗana, wancan rana yake nema." Gaskiyarsa kuwa.

A jikin tumatir akwai sinadarin da ke jin haske, fitokurom, har iri biyar. Ganyen da ke sama yana shanye jan haske, ya bar wani ja mai duhu, wanda da ƙyar idonmu ke gani, ya ratsa ƙasa. Da fitokurom ya ji wannan ya rinjaya, sai shukar ta gane an yi mata rumfa, ta zuba ƙarfinta wajen tsawo, 'ya'ya su ragu. Haka ma in an cunkushe dashe, domin hasken da ke dawowa daga ganyen maƙwabci kaɗai ya isa ya tayar mata da hankali tun inuwa ba ta iso ba. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, wallahi.

Masu ƙara taki in sun ga kara ya sirance, ku fara duba tazarar dashenku tukuna.