Duk Bayan Awa Huɗu

Wata uku ke nan ina kwana a ɗakin aminiyata a Fagge. Ciwon daji ya fara mata a mama, ya kai ga ƙashin baya, har ta kai ko juya ta aka yi a gado sai ta ciji zani.

Da likita ya rubuta mata mofin na ruwa, wato wani maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, mahaifiyarta ta ce atafau 'yarta ba za ta sha kayan maye ba. Ban ga laifinta ba, domin tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018 kowa a tsorace yake. Na durƙusa na ce, "Inna, ku dubi yadda take kwana tana nishi. Wannan da ma'auni ake ba da shi, kuma likita na sa ido."

Yanzu duk bayan awa huɗu nake auna mata da sirinji. Ba na jira sai ciwon ya taso, don in ya riga mu, shawo kansa sai an sha wuya. Maganin yana ɗaure mata ciki sosai, sai da aka haɗa mata da na sakin ciki, ga gwanda kullum da safe.

Jiya ta tashi zaune da kanta, ta ce in ƙunsa mata lalle. Hannuna na rawa na ƙunsa.