Tsiron bonsai: rana, iska da tukunya sun gama aiki kafin almakashi ya zo

Akwai abun da ke damuna duk sanda naga mutum ya shuka iri da niyyar yin bonsai, wato ƙaramar bishiyar ado da ake rainonta a kasko, tsiro na fitowa da ganye huɗu sai yayi maza ya cusa shi cikin ɗan ƙaramin kasko mai kyau ya ɗora kan tebur a ɗaki, wai don kar ya girma. Wallahi tausayin tsiron nake ji, kuma nasan nan da shekara biyar mai shi zai zo yana tambaya me yasa bishiyarsa har yanzu take kamar tsinke. Bonsai fa ba wata bishiya bace daban mai gajarta a jininta, bishiyar da ka sani ce, in ka saketa a fili zata yi tsawonta yanda aka halicce ta. Ƙanƙantar daga baya ake yinta da aski da rage saiwa. Amma kaurin gindi da yanda saiwa ta bazu da tazarar gaɓa da gaɓa a can ƙasa, waɗannan a shekara biyu ukun farko ake samunsu ko a rasa su, kuma yanayin da tsiron ya tashi a ciki ne ke yanke hukunci.

Mu fara da rana, don ita ce babba. Tsiron da bai samun haske sosai miƙewa yake yi yana nemansa, kara ya sirance, launi ya koɗe, ganye ya yi faɗi, gaɓoɓi su yi nisa da juna. To matsalar ita ce toho daga gaɓa yake fita a yawancin bishiyoyi, kuma tazarar nan in itacen ya ƙosa bata komawa, ko ka mayar da shi rana daga baya sabon girman ne kawai zai gyaru. Kaga kenan in gaɓar farko ta yi santimita 10 daga ƙasa, reshenka na farko ba zai sauko ƙasa da haka ba, a bishiyar da gaba ɗaya tsawonta bai wuce santimita 25 ba wannan ai ba ƙaramar asara bace. Kuma ba duhun ɗaki kaɗai ke jawo haka ba, cunkoso ma na yi. Ganye na shanye jan haske ya bar wani ja mai duhu da ido baya gani sosai ya wuce, tsiro kuma yana iya gane wannan bambancin, da yaji maƙwabta sun matso sai ya fara tseren tsawo tun kafin inuwarsu ta rufe shi. Shi yasa tire ɗaya da aka zuba iri da yawa zaka ga na tsakiya dogaye sirara, na gefe gajeru masu ƙwari. Ka raba su da wuri. Sai dai a kula, wanda ya tashi a inuwa ba a fidda shi tsakar rana lokaci guda, ganyen ƙonewa zai yi, a hankali ake sabar masa. Mapul na Japan, wata bishiyar ƙasashen sanyi, ma ko ya saba baya son zafin rana mai tsanani, shi kuwa fayin, bishiyar nan mai ganye kamar allura, duk yinin yake so.

Iska ita ce wadda mutane basu cika lissafawa ba, ni kuma ita tafi burgeni. Wani masanin tsirrai ɗan Amurka, Mordecai Jaffe, ya nuna a 1973 cewa tsiron da ake taɓawa ko kaɗawa kullum yana rage tsawo ya ƙara kauri. Iska haka take yi, tana lanƙwasa karan shi kuma yana ƙara itace a inda yaji nauyin, wato can ƙasa, daidai inda mai bonsai ke neman kauri. In ka ɗaure tsiro tam a jikin sanda ka hana shi motsi ka hana shi wannan kenan.

Sai ƙasa da ruwa, nan ne yawancin tsirrai ke mutuwa. Saiwa numfashi take yi, in ƙasa ta jiƙe jagab ta daɗe a haka iska bata shiga sai ta fara ruɓewa, ganye ya yi yaushi mai shi ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. A makonnin farko kuma akwai ciwon nan da ke kama tsiro daidai wuyansa inda ya haɗu da ƙasa, yau lafiya lau gobe ka tarar ya kwanta, ƙwayoyin cuta irin su Pythium da Rhizoctonia ne, laima da rashin iska suke so. Shi yasa ake amfani da ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa wadda ruwa ke wucewa nan take, Japanawa suna da tasu akadama, wasu na haɗawa da dutsen aman wuta mai ramuka ko yashi mai manyan ƙwayoyi. Ba sunan ne muhimmi ba, a tankaɗe garin a zubar, ruwa ya shiga ya fita ya bar danshi.

Yanzu maganar saiwa. Tsiro daga iri saiwa ɗaya yake fara turawa tsaye cikin ƙasa, mu kuma so muke su bazu gefe-gefe a zagaye, abun da Japanawa ke kira nebari. A tukunya mai zurfi uwar saiwar zata nutse abunta, in ta kai ƙasa ta fara zagaye, ta yi kauri a haka, ranar da ka zo cirewa ka tarar da murɗaɗɗen abu da bazai gyaru ba. Don haka ake datse ta a dashen farko. Masu baƙin fayin na Japan har sun wuce nan, makonni kaɗan bayan fitowa, lokacin da karan ya fara sauya launi daga kore zuwa ja-ja, sai su sa reza su yanke saiwar gaba ɗaya su sake dasa shi a yashi, sababbin saiwoyi su fito a zagaye kuma ganyen farko ya dawo kusa da ƙasa. Wasu na mutuwa, gaskiya ne, shi yasa ake shuka da yawa. Kwandon roba mai huji shima yana aiki sosai, saiwa na kaiwa bakin huji iska ta busar da kan saiwar sai ta yi rassa a ciki maimakon zagaye.

Kauri kuwa ganye ne ke kawo shi, babu wata dabara bayan wannan. Yawan ganye yawan abinci, yawan abinci yawan itace. Tsiron da aka matse a ƙaramin kasko ana aske shi kullum zai shekara goma bai kai kaurin da ɗan uwansa ya yi cikin uku a ƙasa ba. Masu yi da gaske a ƙasa suke dasawa, su sa tayil ko faifan katako a ƙarƙashi don saiwa ta bazu, su bar reshe ɗaya ya yi ta gudu yana kaurara gindi sannan daga baya a cire shi. Amma kar kuma a ɗauki tsiro ɗan mitsitsi a sa a ƙatuwar tukunya, ƙasar bata bushewa, mun koma maganar ruɓa. Taki ana bashi da kyau a wannan matakin, sai dai naitrojin mai yawa a wurin da haske bai isa ba dogayen gaɓoɓi kawai zai baka.

Sanyi da zafi kuma ya danganta da asalin bishiyar. Irin mapul baya tsirowa da kyau sai yaji sanyi mai danshi na wata biyu zuwa huɗu, shi yasa ake sa shi a firji wajen digiri 4, kuma bishiyar kanta tana buƙatar barcin hunturu duk shekara, in ka hanata raunana zata yi ta yi har ta tafi. Na ƙasashen zafi irin su tsamiya da dangin cediya da ɓaure basa buƙatar wannan, sanyin ma cutar dasu yake. Kuka ita nata hutun na fari ne, irinta mai tauri sai an kankare ko an jiƙa a ruwan zafi, kuma da ta zubar da ganye ka janye ruwa har sai ta fara toho da kanta, in ba haka ba saiwar mai kama da rogo zata ruɓe tun daga ciki.