Fim ɗin 1940 da ya hana ni barci jiya

Jiya da daddare na sake kallon The Philadelphia Story, karo na uku kenan, kuma wallahi har yanzu ina mamakin yadda fim baƙi da fari na 1940 zai riƙe mutum haka ko waya bai taɓa ba. Babu faɗa babu gudu da mota, magana ce kawai, amma maganar da in ka ɗan juya kai an wuce ka.

Labarin Tracy Lord ne, bazawara 'yar masu kuɗi a wajen Filadelfiya, gobe ɗaurin aurenta da George Kittredge, sai ga tsohon mijinta Dexter ya faɗo gidan da 'yan jarida biyu na wata mujallar tsegumi, Mike da Liz, kuma dole aka karɓe su don kar mujallar ta tona asirin babanta. Kafin gari ya waye maza uku ne ke zagaye ta.

Asalinsa wasan daɓe ne, kuma nan ƙarfinsa yake a ganina. Philip Barry ya rubuta shi saboda Katharine Hepburn, wadda ta fito a Tracy, aka fara nunawa a Broadway, unguwar gidajen wasan daɓe ta New York, a 1939, aka yi shi sau sama da 400. Ita kuwa lokacin tauraronta ya dushe, a 1938 masu gidajen sinima sun sa sunanta cikin jaruman da suka ce guba ne ga kasuwa. Sai attajiri Howard Hughes ya saya mata haƙƙin mayar da wasan fim, ta kai wa kamfanin MGM da sharaɗin ita za ta ja, ta zaɓi George Cukor ya ba da umarni. Clark Gable da Spencer Tracy ta so, aka ba ta Cary Grant ya fito a Dexter, James Stewart kuma a Mike, kuma gaskiya ban ga asara ba ko kaɗan. Matar da ta yi ɗaruruwan dare tana faɗin kalmomin nan a gaban jama'a ai ta san inda dariya take, ta san inda za ta yi shiru, kana gani a fuskarta.

Wajen da na fi so shi ne da Mike ya sha ya yi tatul ya je ya buga wa Dexter ƙofa cikin dare, yana magana shaƙuwa na katse shi, Cary Grant na sunkuyar da kai yana danne dariya. Sau biyu na mayar da shi baya. Stewart ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi da fim ɗin nan, Donald Ogden Stewart ma ya ci ta tsara labari.

To amma akwai abin da ke ci min rai, kuma duk kallo sai ya ƙaru. Baban Tracy ne fa ya bar matarsa yana bin wata mai rawa a New York, sannan ya dawo ya tsaya gaban 'yarsa yana ce mata taurin zuciyarta ne ya jawo, wai da ta kasance 'ya mai tausayi da bai yi ba. Haba! Kuma fim ɗin ya bar shi ya sha, ita ce aka sa ta rusuna. Na yarda Tracy na da girman kai, ba ta yafe wa Dexter shan giyarsa ba, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa, sai da ita ma ta sha ta yi abin kunya ta gane ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, wannan duk na karɓa. Laifin uba a ɗora wa 'ya ne ban karɓa ba.

Ƙarshe dai kome ta yi, George ya tafi, Mike ya ce zai aure ta ta ce a'a, ta koma wa Dexter a gaban baƙin da suka zo wani ɗaurin auren. An sake yin labarin a 1956 da sunan High Society, da Grace Kelly da waƙoƙi, amma bai shiga raina kamar wannan ba. Jiya kam Liz na fi sa wa ido, Ruth Hussey ce ta fito a ita, tana kallon mutumin da take so yana neman auren wata a gabanta, ko uffan ba ta ce ba.