Daga Yariko Zuwa Kursi Da Bishara A Hannu

Da sassafe muka bar Urushalima, sanyi na ratsa ƙashi, amma kafin mu yi rabin sa'a kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Hanyar Yariko gangara ce tsantsa. Ka taso daga tudun da ya kusa mita 800 a saman teku, ka sauka kwarin da ya yi ƙasa da teku da wajen mita 250. Kunnuwana suka toshe. Dama da hagu ba komai sai duwatsu jajaye da bukkokin makiyaya, can sai ga koren dabino ya ɓullo.

A garin an kai mu gindin wani tsohon ɓaure, irin namu na gida sak, wanda ake dangantawa da Zakka mai karɓar haraji. Abokan tafiya suka shiga ɗaukar hoto. Ni kuwa labarin makahon da Yesu ya warkar ne a raina. Na zauna a bakin dakali na buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa. Markus 10:46 ya ce makaho ɗaya ne, sunansa Bartimawas, kuma Yesu yana fita daga Yariko ne ya same shi. Matiyu 20:30 ya ce makafi biyu ne, ba suna. Luka 18:35 ya koma ɗaya, amma ya ce ana gab da shiga garin ne. Tun ina yaro nake jin labarin nan a coci, ban taɓa jera ukun a gabana ba sai ranar.

Wani dattijo da muka taso tare daga Zariya, tsohon malamin makaranta, ya ga na yi tagumi.

"Ɗana, lafiya?"

"Baba, shiga ne ko fita?" Na miƙa masa littafin.

Bai karɓa ba, ya riga ya san ayoyin. Ya nuna min tudun tsohon gari, Tel as-Sultan, sannan ya nuna kudu, inda kufan fadar Hirudus yake, tazarar kamar kilomita 2. Ya ce masu sharhi da dama sun ce Yariko biyu ce a zamanin, mai fita daga ɗaya yana shiga ɗayar. Na ce, "To, Baba, makaho na biyun fa?" Ya ce wasu na cewa Markus ya ambaci wanda aka sani ne kawai. Sai ya ƙara da cewa shi kansa amsar ba ta gama kwantar masa da hankali ba, kuma ba zai ɓoye min hakan ba. Wannan magana ta ƙara masa girma a idona.

Muka kama hanyar arewa ta kwarin Urdun, tafiyar kusan sa'a biyu zuwa Tekun Galili. A motar ne ya zauna kusa da ni ya warware min abin da ban taɓa ji daga bagade ba. Babu ɗaya daga cikin littattafan Bishara huɗu da marubucinsa ya faɗi sunansa a ciki. Da Girkanci aka rubuta su, alhali Yesu da almajiransa Aramiyanci suke yi. Yawancin masana suna sa rubuta Markus wajen shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu, Matiyu da Luka tsakanin 80 da 90, Yohanna kuma ƙarshen ƙarnin. Papiyas, bishop na Hirapolis, ya ce Markus tafintan Bitrus ne. Amma wanda ya fara jera sunaye huɗun tare a rubutun da ya iso gare mu shi ne Irenewus, bishop na Liyon, wajen shekara ta 180. Abin da ya fi tsaya min shi ne batun Matiyu. Kusan kashi 90 cikin 100 na Markus yana cikinsa, wani wurin kalma da kalma. In manzo ne da ya gani da idonsa, me zai sa ya dogara haka ga wanda bai gani ba? Luka kam bai ɓoye ba, a ayoyinsa huɗu na farko ya ce daga shaidu aka miƙo musu labarin, shi bincike ya yi.

Kursi tana gabashin tekun, a gindin tudu. A 1970 masu aikin hanya suka ci karo da kufan wata majami'ar Rumawa ta ƙarni na 5, wadda aka gina don tunawa da mai aljanun nan da Yesu ya warkar da garken aladu kusan 2,000 da suka faɗa ruwa. Nan ma Markus ya ce mutum ɗaya a ƙasar Garasinawa, Matiyu ya ce biyu a ƙasar Gadarawa. Garasa ita ce Jarash ta Jodan a yau, wajen kilomita 50 daga ruwan. Gadara ita ce Umm Kais, kamar kilomita 10. Tun ƙarni na 3 wani malamin Kirista mai suna Orijen ya lura cewa ba wadda ke bakin tekun a cikinsu.

Na tambayi Baba me ya sa magabata ba su gyara ba. Ya ce wani Tatiyan ya narkar da huɗun zuwa littafi ɗaya wajen shekara ta 170, Kiristocin Siriya suka daɗe suna karanta shi, amma daga baya aka ajiye shi, aka koma ga huɗun da saɓaninsu. Ni dai na gode da suka bar mana su haka, kuma ina ganin bai kamata mu ɓoye wa 'ya'yanmu wannan ba, su je su fara jinsa daga bakin mai gardama.

Iska ta taso daga tekun, direba ya fara danna hon. Baba ya dafa kafaɗata muka gangara, yatsana na cikin littafin a Markus sura 5.