Wasiƙa Daga Makka Kan Haƙorin Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga iyayena da 'yan'uwana na gida, musamman maniyyata aikin Hajji da masu shirin zuwa Umra.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne daga Makka, inda nake zaune, a kan wata al'ada da ta daɗe har ta zama tambarin alhazanmu, wato sanya haƙorin Makka. Da zarar an sauko daga Arfa an kammala jifa, sai mutanenmu su bazama neman tsaraba, kuma cikin waɗanda ake cigiya har da mai sanya haƙori, Hajiya na zinare, Alhaji na azurfa, domin idan an koma gida murmushi kaɗai ya shaida cewa an sauke farali. Ba na raina wannan murna, domin wanda ya yi shekaru yana tara kuɗin kujera ya cancanci farin ciki. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sanya shi da abin da ke biyo baya.

Kafin a ɗora kwanson zinaren ko azurfar, sau da yawa sai an goge lafiyayyen haƙori an rage shi domin ya shiga, alhali farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori, duk da cewa babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, idan ya tafi ba ya sake tsirowa. Idan kuma kwanson bai zauna daidai ba, sai ya bar 'yar kafa a gefen dasashi, inda ragowar tuwo da zaƙin shayi ke maƙalewa, wurin da buroshi ba ya kaiwa. A nan ƙwayoyin cuta ke cin sukarin suna fitar da tsami mai zaizaye haƙori, zinare na ƙyalli a waje, ruɓa na ci a ciki, mai shi bai sani ba sai ranar da zogi ya hana shi barci. Na ga wata dattijuwa a unguwarmu da aka cire wa nata, abin da ya saura a ƙarƙashi ɗan baƙin dungu ne, dole aka tumɓuke shi. Ga kuma batun kayan aiki, domin mai sanyawa a ɗakin lungu, wanda ke fita daga bakin wannan ya shiga na wancan ba tare da ya dafa ƙarafunsa ba, yana iya raba wa mutane ciwon hanta, tunda ta jini ake ɗaukarsa. Wanda ya ƙudurta sai ya sanya, ina roƙonsa ya nufi asibitin haƙori mai lasisi.

Tsarabar da na fi so ku cika jaka da ita tana shimfiɗe gaban masu talla a hanyoyin Harami, ita ce asuwakin saiwar itacen arak. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce ba don gudun tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Sai dai da yawanmu mun riƙe sunnar a aljihu kawai: sanda guda ta yi makonni bakinta ya yi baƙi, ana shafa ta a haƙoran gaba ana mayarwa. Daidai shi ne a riƙa yanke bakin da ya tsufa, a wanke shi, a bi haƙora daga gindin dasashi zuwa tsini, ciki da waje, har turamen baya. Wanda bai samu arak ba, reshen darbejiya na ƙofar gidansa zai yi masa aiki.

Asuwaki kuma bai hana buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sau biyu a yini, na ƙarshe kafin kwanciya. Gawayi da toka kam a bar su, kankare ɓawon suke yi. Idan dasashi na jini kada a daina gogewa, kumburi ne da datti ya jawo, amma idan ya ƙi tsayawa a ga likita, musamman masu ciwon sukari, waɗanda cutar dasashi ta fi saurin kamawa.

Iyaye mata, don Allah ku riƙa leƙa bakin yaranku. Ƙaramin yaro mai tamowa da dasashinsa ya kumbura yana wari, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin haka cutar noma, mai cinye naman baki da fuska, ke farawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disambar 2023, kuma akwai asibitinta na musamman a Sakkwato.

Wassalam, daga ɗan'uwanku a Makka.