Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Yi wa Jaime Harrison Aiki

A makon jiya na tsaya a ranar da na ɗaga hannu na yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Amurka a shekarar 2014, bayan na shafe shekara 11 ina zaune a birnin Columbia, hedikwatar jihar Karolina ta Kudu. A wannan makon zan ba da labarin yadda na shiga siyasar jihar, da kuma mutumin da na bi sawunsa tun yana shugaban jam'iyya har ya tsaya takarar majalisar dokokin ƙasa.

Siyasa ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, tela ne a Fagge, ɗan NEPU ne tun yana saurayi, daga baya kuma ya bi Malam Aminu Kano zuwa PRP. Na taso ina ganinsa yana rufe shago bayan la'asar, ya ɗauki kekensa ya shiga lunguna gida-gida yana magana da mutane, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa ba shi ko kansila ba. Saboda haka da katin zaɓe ya shigo hannuna, sai na ga ba zan iya ajiye shi a aljihu in jira ranar jefa ƙuri'a kaɗai ba. Wata abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, dattijuwa baƙar fata, ita ce ta kai ni taron reshen jam'iyyar Dimokurat na gundumarmu, wanda ake yi a zauren wata majami'a, kuma a irin wannan taro ne na fara ganin shugaban jam'iyya na jiha, Jaime Harrison.

An haife shi a 1976 a Orangeburg, garin da bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Columbia ba, wanda kuma ke da tabo a tarihin baƙaƙen fata, domin a can ne jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a watan Fabrairun 1968, suka kashe uku. Mahaifiyarsa ba ta kai shekara 20 ba sa'ad da ta haife shi, kakanninsa ne suka ɗauki kaso mai yawa na renonsa cikin talauci. Karatu ne ya fitar da shi: ya samu tallafi zuwa jami'ar Yale, ya gama a 1998, ya dawo ya koyar a makarantar sakandaren da ya yi, sannan ya karanta shari'a a jami'ar Georgetown ya gama a 2004. Ubangidansa a siyasa shi ne Jim Clyburn, ɗan Majalisar Wakilai daga jiharmu, wanda ya ɗauke shi aiki a Washinton. Lokacin da Clyburn ya zama bulaliyar masu rinjaye a majalisar, Harrison na cikin waɗanda ke ƙirga masa ƙuri'un 'yan majalisa kafin a kaɗa su. Bayan haka ya yi shekaru a wani kamfanin masu kamun ƙafa a majalisa, aikin da ya samar masa abin hannu, ya kuma zame masa abin gori daga baya. Ni kaina wannan sashe na tarihinsa bai taɓa kwanta mini a rai ba, kuma ban ɓoye wa abokan tafiyata ba.

A 2013 aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar Dimokurat na jihar, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar. Wanda ya saba da siyasarmu ta gida zai ɗauka cewa shugaban jam'iyya na jiha babban mutum ne mai jerin gwanon motoci, wanda 'yan takara ke durƙusa masa domin samun tikiti. A can abin ya sha bamban, musamman idan jam'iyyarka ba ta da mulki. Tikiti a hannun masu zaɓen fidda gwani yake, shugaba ba ya ba da shi ba ya hana shi. Aikinsa shi ne neman kuɗin gudanar da ofis, da lallashin mutane su fito takara a mazaɓun da kowa ya san ba za a ci ba, da zagaya gundumomi 46 na jihar domin kada rassan jam'iyya su mutu. Jiha ce da rabon ɗan Dimokurat ya ci kujerar sanata a cikinta tun 1998, lokacin da Fritz Hollings ya ci zaɓensa na ƙarshe. A 2014 ma, Harrison na kan kujera, ɗan takararmu na gwamna Vincent Sheheen ya sha kaye a hannun Nikki Haley.

Abin da ya ja ni gare shi ƙaramin abu ne. A taron da na fara ganinsa ba mu kai mutum 40 ba, yawancinmu tsofaffi, ana zaune a kan kujerun ƙarfe masu naɗewa, amma bai yi gaggawar tafiya ba bayan ya gama jawabi. Ya tsaya ya gaisa da kowa, har da ni da ke can bayan zaure ina jin nauyin harshena. A daren na ce wa uwargida na ga wani abu na mahaifina a jikin wannan mutumin. Ta ce, “Maigida, ka dai bi a hankali, ɗan siyasa ɗan siyasa ne ko a ina yake.” Na riƙe maganarta, amma na ci gaba da zuwa taro.

Ya bar shugabancin jiha a 2017, bayan ya nemi shugabancin jam'iyyar na ƙasa ya janye ya mara wa Tom Perez baya. A watan Mayun 2019 ya bayyana cewa zai nemi kujerar Majalisar Dattawa da ɗan Rifablikan Lindsey Graham ke kai tun 2003. A watan Yunin wannan shekarar na je walimar soyayyen kifi da Clyburn ya saba shiryawa a Columbia, inda ake miƙa wa mutum kifi a kan yankan burodi, kuma a wannan karon masu neman takarar shugaban ƙasa fiye da 20 suka hallara. A cikin wannan cunkoso na rubuta sunana a takardar masu aikin sa-kai na Harrison. A lokacin ko mu da muka rubuta suna ba mu ɗauka takarar za ta yi nisa ba.

Sai annobar korona ta sauka a watan Maris na 2020, ta sauya komai. Da rana ina asibiti a cikin samfuran gwaji da ba sa ƙarewa, da yamma kuma in zauna a teburin cin abinci da kwamfuta da waya ina kiran masu zaɓe ɗaya bayan ɗaya. Jam'iyyarmu ta zaɓi ta rage bin gida-gida ƙwarai saboda gudun yaɗa cuta, kuma a matsayina na ma'aikacin lafiya na goyi bayan hakan da zuciya ɗaya. A cikin kira 100 da wuya mutum 10 su ɗauka, a cikin waɗanda suka ɗauka kuma wasu na jin harshena sai su kashe. Amma akwai wata tsohuwa daga wata gundumar karkara da ba zan manta da ita ba. Ta riƙe ni a waya kusan rabin awa, ta tambaye ni daga ina nake, na ce daga Kano a Najeriya, sai ta ba ni labarin cewa mahaifinta bai samu jefa ƙuri'a ba sai da ya yi furfura, bayan dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Damuwarta ita ce asibitin da ke kusa da su an rufe shi, kuma ba ta da wanda zai sa mata hannu a matsayin shaida a takardar ƙuri'ar da za ta aika ta gidan waya. Wannan sharaɗi na shaida an yi ta ja-in-ja a kansa a kotu, har Kotun Ƙoli ta dawo da shi a farkon Oktoba, saboda haka sai da muka sake kiran mutane muna warware bayanin da muka yi musu a baya. Na kira tsohuwar sau uku kafin ta tabbatar mini cewa wata maƙwabciyarta ta sa mata hannu.

A ranar 18 ga Satumba mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta Kotun Ƙoli ta rasu, takararmu kuma ta zama abin kallon ƙasa baki ɗaya. Graham ne shugaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa a lokacin, kuma a 2016 ya faɗa a bainar jama'a cewa bai kamata a cike gurbin Kotun Ƙoli a shekarar zaɓen shugaban ƙasa ba, amma sai ga shi yana jagorantar tantance Amy Coney Barrett, wadda Shugaba Donald Trump ya zaɓa ta maye gurbin Ginsburg, makonni kaɗan kafin zaɓe. Fushin 'yan Dimokurat daga ko'ina a Amurka ya koma kuɗi, kuɗin kuma suka kwararo mana. A cikin wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, Harrison ya tara dala miliyan 57, adadin da babu ɗan takarar sanata da ya taɓa tarawa a cikin wata uku kafin shi, kafin a gama kuma ya kai kusan dala miliyan 130. Ba ka kunna talabijin ko rediyo ba tare da ka ji tallarsa ba. A ranar 3 ga Oktoba muka kalli muhawararsu a jami'ar Allen, inda ya zo da allon roba mai kama da gilashi ya kafa a gefensa saboda cutar. Ƙuri'un jin ra'ayi na nuna sun yi kankankan, ana kuma cewa idan ya ci, jihar da ta fara ɓallewa daga tarayya a 1860 domin kare bauta za ta kasance da sanatoci biyu baƙaƙen fata a lokaci guda, shi da Tim Scott, ɗan Rifablikan da ke kan ɗaya kujerar sanatan jihar. Na yarda da wannan buri har cikin ɓargona.

A cikin waɗannan kwanaki yayana ya kira ni daga Kano, na ba shi labarin kuɗin da aka tara. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To su mutanen, kun je kun same su a gidajensu kuwa?” Na ce, “Yaya, cuta ta hana, amma muna kiransu a waya.” Ya ce Baba bai taɓa yarda da alkawarin ƙuri'ar mutumin da bai zauna a tabarmarsa ba. Na ji maganar, amma na ɗauke ta a matsayin zancen wanda bai san Amurka ba.

Ranar 3 ga Nuwamba ba a kai tsakar dare ba aka bayyana sakamako. Graham ya samu kashi 54 cikin 100, Harrison ya samu kashi 44. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka zaɓe shi, amma waɗanda suka fito domin Donald Trump sun fi yawa, kuma a jiharmu mai zaɓe na iya danna maɓalli ɗaya ya zaɓi jam'iyya daga sama har ƙasa. Asarar ba ta tsaya a kansa ba: ɗan jam'iyyarmu Joe Cunningham ya rasa kujerarsa ta Majalisar Wakilai a yankin Charleston, Sheheen ma ya rasa tasa a majalisar dattawan jiha. Na rufe kwamfuta na yi alwala na yi sallah, na daɗe a kan darduma ina tunanin tsohuwar nan da ƙuri'arta.

Na yi shekaru ina juya wannan zaɓe a raina. Ban ce da mun bi gida-gida da mun cike tazarar maki 10 ba, domin jihar ta karkata ga 'yan Rifablikan tun kafin a haifi wasu daga cikinmu, kuma har yau ina ganin kare rayukan mutane a lokacin annoba ya fi kujera. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka kashe mafi yawan kuɗin. Mutanen da suka aiko da su daga Kalifoniya da New York ba su da ƙuri'a a wurinmu, tallar da aka saya da su kuma ta ƙare a daren zaɓe, alhali rassan gundumomin da Harrison ya sha wahalar zagayawa yana shugaban jam'iyya suna nan a zaurukan majami'u da kujerunsu na ƙarfe. A ganina aikin da ya yi daga 2013 zuwa 2017, lokacin da babu kyamara a kansa, ya fi wanda duniya ta san shi da shi daraja, kuma da an zuba ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan dukiya a irin wannan aiki na shekara da shekaru, da an bar wani abu a ƙasa.

A watan Janairun 2021 Joe Biden, wanda zaɓen fidda gwani na jiharmu ya farfaɗo da takararsa bayan Clyburn ya mara masa baya, ya zaɓi Harrison ya zama shugaban jam'iyyar Dimokurat na ƙasa, kuma ya riƙe kujerar har farkon 2025. A zamaninsa ne aka sa Karolina ta Kudu a gaban jerin jihohin zaɓen fidda gwani na jam'iyyar a 2024. Na yi masa murna daga nesa. Ni kuma da aka sake buɗe tarukan gunduma bayan an samu rigakafi, na koma zauren nan, na tarar ba mu kai 30 ba, kuma dattijuwar da ta fara kai ni tana cikin waɗanda korona ta ɗauke. A ranar aka nemi wanda zai riƙe mazaɓar unguwarmu, na ɗaga hannu, aka miƙa mini jerin gidaje a takarda. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba da labarin ƙofar farko da na ƙwanƙwasa da abin da maigidan ya faɗa mini.