Godiya ga 'yan uwa da abokan arziki kan aikin zuciyar ƙanwata

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi an yi wa ƙanwata aikin zuciya a Indiya kuma an fito lafiya, yau da kanta ta taka har bakin ƙofa, yarinyar da ko ɗaurin zani sai ta zauna tana haki.

A madadin Hajiya da duk gidanmu muna godiya ga waɗanda suka sa hannu a aljihu, dangi da 'yan unguwa da abokan kasuwa, har da wata baiwar Allah da ta turo dubu biyu tana ba mu haƙuri wai ba yawa, wallahi ta sa ni hawaye. Mijinta kuwa sai dai Allah ya biya shi.

Godiya ta musamman ga malamanmu, don a nan muka fi shiga ruɗu. Bawul ɗin zuciyarta ne ya lalace, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, likita ya ce ko na ƙarfe ko na naman dabba. Na ƙarfe yana daɗewa amma sai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa da gwajin jini ba ƙaƙƙautawa, gashi maganin yana illa ga ɗan ciki, ita kuma ko haihuwar fari ba ta yi ba. Na dabba bai cika wuce shekara 10 zuwa 15 ba sai an sake, kuma wanda ya dace da ita a hannunsu na alade ne. Hajiya ta ce atafau. Malam bai yi gaggawa ba, sai da ya sa muka koma muka tambayi ko akwai na saniya da zai yi, da aka ce babu ya karanto mata aya ta 173 a Baƙara ya yi bayanin larura har hankalinta ya kwanta.

Masu yaɗa cewa wai zuciyar alade aka sa mata, don Allah ku bari. Wannan a Amurka aka yi a 2022, wani David Bennett aka sa wa, ya yi wata biyu ya rasu, kuma cikin manyan likitocin aikin akwai Musulmi, Muhammad Mohiuddin. Nata ɗan bawul ne kawai da aka wanke da sinadari, an daɗe ana sa wa mutane shi.

Masu son zuwa dubiya in mun dawo a ɗan yi haƙuri sai ƙirjin ya warke, mai mura kuma ya yi ta waya. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi, amin.